Ba wayar salula ce ta kore mu daga rediyo ba

Na karanta wani rubutu inda marubucin ya ɗora wa wayar salula laifin guduwar masu sauraro daga rediyo, ni kuwa ban yarda ba. Ni direba ne, kullum ina hanyar Kano zuwa Kaduna. Ka murɗa tasha biyar, waƙar nanaye ɗaya za ka ji, kiɗan fiyano iri ɗaya, sai tallar maganin basir ta katse ta. Lokacin da muke yara, mahaifina kan ɗora rediyonsa a kan tabarma ya kamo Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, ka ji kalangu, ka ji kukuma da gurmi, mai gabatarwa yana jero sunayen masu gaisuwa da ƙauyukansu har ka san mutanen da ba ka taɓa gani ba. Yanzu an loda waƙoƙi a kwamfuta, wanda ya biya shi ake sakawa. Masu cewa matasa ne ba sa son kiɗan gargajiya kuwa, yaushe aka saka musu suka ƙi? Ko Sakkwatanci ma masu gabatarwa sun fara jin kunyarsa, wannan ya fi ci mini rai.