Goge Ba Ɗan Bora Ba Ne

Yana ci mini rai yadda muke jinjina wa gogen Turawa, wato biyolin, amma da an ambaci namu gogen sai a yatsina fuska, a ce kayan 'yan bori ne da mashaya. Jama'a, dangi ɗaya ne fa.

Tun a ƙarni na 10 malamin falsafa Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya yi bayanin rababa, wato gogen Larabawa, a babban littafinsa na kiɗa. Daga ƙasashen Musulmi rababa ta shiga Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka, Turawa suka karɓa suka sassaƙa tasu da itace, mai tsirkiya uku, suka kira ta rebek. Da ita ake rawa a fada da dandali har ƙarni na 16, lokacin da masassaƙan arewacin Italiya, irin su Andrea Amati na garin Kiremona, suka haɗa dabararta da ta wasu kayan gogawa na zamanin, aka sami biyolin mai tsirkiya huɗu. Rebek ta ja baya, amma uwar ba ta mutu ba. A Maroko har gobe ana goga rababa mai tsirkiya biyu a kiɗan Andalus, a Masar da ita ake rera labarin ƙabilar Larabawa ta Banu Hilal, ta kai har tsibirin Jawa na Indunusiya.

Masana da dama na ganin ta hanyar fataken Sahara wannan dabara ta iso mana. Ku dubi aikin da kyau: ƙwarya, fatar guza a ɗame, izgar doki a matsayin tsirkiya, a shafa ƙaro don ta kama. Sandar gogen Turawa ma izgar doki ce, ƙaro ake shafa mata. Kuma ni a kunnena, abin da gwanin goge ke fitarwa daga tsirkiya ɗaya tak, har ya kwaikwayi hawa da saukar maganar Hausa, ya cancanci duk girman da ake ba waninsa.

Buzaye ba su yi wasa da nasu ba. Imzad, wanda matansu ke gogawa, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2013, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Mu kuwa yaro ya ce zai koyi goge ko kukuma, a gida za a fara hana shi. Ina roƙon jami'o'inmu da gidajen rediyo su nemi tsofaffin masu haɗa goge, a naɗi aikinsu tun daga fafe ƙwarya har ɗaura izga, kuma a biya su kuɗin koyar da yara.