Ranar da ƙofar gareji ta ɗaure ni a gidana

Ƙarar da na ji da daddare, kamar an harba bindiga cikin tulu, na ɗauka tayar wani ce ta fashe a titi, na gyara kwanciya. Da safe na shiga mota, na danna rimot, injin ƙofar gareji ya yi gurnani, ƙofar ta ɗaga kamar faɗin tafin hannu, ta tsaya, ta koma ta zauna. Na sake dannawa. Ta sake leƙo waje ta koma, kamar amarya mai kunya.

Ƙofar irin mai falle-fallen nan ce da ke hawa sama ta kwanta a ƙarƙashin silin, faɗin mota biyu, inji na jan ta da sarƙa. Ni kuwa mutum ne mai akwatin sifana, kuma duk mai akwatin sifana yana ganin kiran mai gyara zubar da girma ne.

Na fara daga inda ya dace, wannan kam a yaba mini. Na buɗe rimot na canza batirinsa, ɗan zagayayyen nan mai kama da kwabo, CR2032. Na duba filogin injin yana cikin soket, na leƙa akwatin fis, na danna maɓallin bango, na tabbatar ba a taɓa ɗan maɓallin kulle da ke hana rimot aiki ba. Na duba sakatar hannu ta ciki, domin akwai masu mantawa su bar ta a zure, inji ya yi ta kokawa da ƙarfe har ya lanƙwasa fallen sama. Duk lafiya. Sai dai da na tsaya na yi tunani, da na gane tun da inji ya yi gurnani ƙofar ta motsa, ba batir ba ne, ba kuma wuta ba ce. Ban tsaya ba.

Na ɗauki waya na shiga yanar gizo, aka ce in duba idanun lantarki. Wasu 'yan akwatuna biyu ne a gefen ƙofar, hagu da dama, kimanin santimita 15 daga ƙasa, ɗaya na aika haske ɗaya na karɓa. Na durƙusa, sai ga yanar gizo ta gaske ta lulluɓe na hagu. Murna ta kama ni. Na goge shi da gefen riga, na murɗa shi nan, na murɗa shi can, na hura masa iska, na kusa yi masa tofi. Minti ashirin ina wannan hidima. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Aikin idanun nan shi ne hana ƙofa rufewa a kan yaro ko mota. Idan an tare hasken ko sun kauce wa juna, ƙofa za ta ƙi sauka, amma babu ruwansu da ƙofar da ta ƙi hawa.

Daga nan na koma kan layukan ƙarfen da 'yan tayoyin ƙofar ke gudu a ciki. Dubawar daidai ce: tsakuwa, noti da ya kwance, ko lanƙwasa inda bambar mota ta taɓa gogar layin, kowanne na iya tsayar da ƙofa. Ban ga komai ba, amma hannuna na ƙaiƙayi, sai na ɗauko ragowar baƙin mai na malala a cikin layukan tun daga sama har ƙasa. Daga baya na ji cewa layi ba ya son mai sam, tsumma kawai yake so. Mai yana kama ƙura ya zama taɓo, tayoyin su riƙa zamewa maimakon juyawa. Inda ake sa wa su ne maƙalan da ke haɗa falle da falle, boris na tayoyi, da jikin sifirin da ke saman ƙofar, kuma da feshin silikon ko farin giris na litiyam, ɗan kaɗan, sau biyu a shekara.

Sai na ce to, in inji ya gaza, ai ni ban gaza ba. Akwai jar igiya da ke reto daga ƙugiyar da ke haɗa ƙofa da sarƙa. In ka ja ta, ƙofar ta rabu da inji, sai ka ɗaga da hannu. Na ja, ta ce ƙas. A nan Allah ya rufa mini asiri ba da wayona ba, domin ƙofar tana ƙasa. Da a ce ta maƙale ne a sama na ja igiyar nan, babu abin da zai riƙe ta, da ƙarfi za ta sauko kan duk abin da ta tarar, gilashin mota ne ko wuyan maigida.

Na tofa yawu a hannu, na kama mariƙin ƙasa, na yi bismilla na ɗaga. Ƙofar da watan jiya na ɗaga da hannu ɗaya lokacin da aka ɗauke wuta, yau ko gezau. Na ƙara yunƙurawa, wani abu ya ce ƙyas a ƙuguna, na saki, na tsaya a duƙe kamar mai neman allura.

A duƙen nan ne na karkata kai na dubi sama, na ga abin da ya kamata in fara gani tun farko. Saman ƙofar akwai doguwar sandar ƙarfe a gicciye, sifirin biyu baƙaƙe naɗe a jikinta. Na dama ya rabu biyu, da giɓi a tsakiya wanda yatsu uku za su shige, kusan santimita 5. Wayar ƙarfen da ke gefe kuma ta ɗan saki. Bindigar daren jiya ke nan.

Abin da ban sani ba sai ranar, inji ba shi ke ɗaga ƙofa ba. Ƙofa irin wannan tana iya haura kilo 100, sifirin da aka murɗe ne ke ɗauke nauyin ta hanyar wayoyin gefe, inji jagora kawai yake yi. Shi ya sa da sifirin ɗaya ya tsinke, injin ya ji nauyin da ya fi ƙarfinsa ya tsaya. Duk dannawar da na yi ta yi kuwa, ina gab da cinye haƙoran giyar roba da ke cikinsa ne.

Mai hankali a nan zai ɗauki waya. Ni tsani na ɗauko. Na hango wasu notuna biyu masu kai mai kusurwa huɗu a ƙarshen sifirin mai lafiya, an shafa musu jan fenti, na ce bari in kwance in gwada tsawonsa in je in sayo irinsa. Na sa sifana ke nan sai uwargida ta leƙo.

"Maigida, me ya sa aka shafa wa wannan jan fenti?"

"Ado ne."

"To ka sauko mu tambayi wanda ya yi adon. In ka ƙi, bari in fara ɗauko ɗankwalina, don na ga asibiti za mu."

Na sauko, ba don tsoro ba, don ƙuguna ne.

Mai gyaran ya iso kafin azahar, ya dubi sifanar da na bari a maƙale, ya dube ni.

"Yallaɓai, ka murɗa?"

"Ban kai ga haka ba."

"Ka yi sadaka."

Ya nuna mini dalili. Ƙofa mai tsayin mita 2.1 ana murɗa sifirinta kusan zagaye bakwai da rabi, wato kwata-kwata sau 30, notunan nan biyu kaɗai ke riƙe da wannan ƙarfin. In ka sassauta su ba ka zura sandar murɗawa a raminta ba, duk zagayen zai warware cikin ƙiftawar ido, sifanar ta tashi da yatsu ko haƙora. Sandunansa biyu ne, ƙarfe zalla, tsawon kowanne kimanin santimita 45, sun cika ramin dam. Ya ce masu sa sukundireba a madadinsu su ne ke zuwa da ɗinki a goshi. Haka maƙalin can ƙasa inda wayar ke kamawa, shi ma ba a kwance shi sifirin na murɗe. Ko shi da ya saba, gefe ya kafa tsaninsa, bai taɓa sa fuskarsa saitin sandar ba.

Ya kama ƙofar da filaya mai kulle a jikin layi don kada ta tashi, ya warware mai lafiyar kwata-kwata yana ƙirgawa, ya auna kaurin wayar sifirin da faɗin cikinsa da tsawonsa, ya kuma nuna mini cewa na hagu da na dama naɗinsu ya saɓa. Da na je saye da ido, da na dawo da wanda ba zai yi ba. Ya ce a canza duka biyun. Na ɗan yi gardama, ya yi mini lissafi: sifirin na yau da kullum an yi shi ne don buɗewa da rufewa kusan sau 10,000. Sau huɗu a rana, kwana 2,500 ke nan, bai cika shekara bakwai ba. Tare aka ɗaura su, tare suka tsufa, ɗayan ma yana kan hanya.

Da ya gama ya yi gwajin da kowa zai iya yi a gida. Ya ɗaga ƙofar da hannu zuwa ƙugu ya saki, ta tsaya cak. Ya ce in ta zame ƙasa ko ta fizge sama, ma'auni ya ɓaci, a kira shi tun kafin ta yi ƙara. Sannan ya ɓata minti goma sha biyar yana goge baƙin maina daga layuka, bai ce komai ba, shirun ya fi zagi ciwo.

Ya mayar da ƙugiyar kan sarƙa, ya danna maɓalli, ƙofar ta hau sumul. Ya shimfiɗa katako mai kaurin santimita 4 a ƙasa don ya gwada ko za ta koma sama in ta taɓa shi. Ya sake dannawa. Ta ƙi sauka ko kaɗan, fitilar injin ta hau ƙyaftawa. Ya sunkuya wajen idon hagu, ya tarar yana kallon silin, ɗan koren haskensa a mace. Da yatsu biyu ya juyo shi ya fuskanci ɗan'uwansa, hasken ya kama, ƙofar ta sauko ta taɓa katakon ta koma.

"Wa ya murɗe wannan haka?"

Na ce yara ne, ka san halinsu.

Uwargida daga bakin ƙofa ta ce, "Yaran tun ƙarfe bakwai suna makaranta."