Daga Oshodi zuwa Mile 12 ba wani nisa, to me ya hana bincike isowa kasuwa?

Makon jiya 'yata ta kwana da zazzaɓi, gari na wayewa na saɓa ta a kafaɗa muka nufi wani kemis a nan Agege, yaron shagon ya ciro 'yar farar robar nan ta gwajin maleriya, ya tsikari yatsanta ya ɗiga jini ya ƙara wani ruwa, ya ce Baba ku ɗan jira minti 15. Ina riƙe da hannunta jikin zafi rau sai ga jan layi biyu sun fito. Ya ce maleriya ce, na biya muka taho, Alhamdulillah yanzu ta miƙe har ta koma Islamiyya.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne wannan jan layin a mafi yawan irin waɗannan robobin zinare ne. Eh zinare dai da kuka sani, sai dai an mayar da shi ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya iya gani, kuma shi zinare in ya yi ƙanƙanta haka sai ya bar launinsa na rawaya ya koma ja. Ma'aunin da ake auna su da shi sunansa nanomita, wato ka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya ka ɗauki ɗaya, silin gashin kai guda kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000, su kuwa waɗannan ƙwayoyin yawanci ba su wuce 40 ba. Wannan fa shi ne fasahar nano da ake ta faɗa a taruka da dogon Turanci, ga ta nan a kemis ɗin unguwa ana sayarwa. Haka gwajin ciki da mata ke saya, haka ma wasu alluran korona, cikin irin waɗannan ƙananan ƙwayoyin aka naɗe maganin amma su na kitse ne.

Na juya takardar robar na duba inda aka yi ta, ba Najeriya ba ce. Nan ne abin ya tsaya min a rai wallahi, ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu kamuwa da maleriya amma abin gwajin da ke hannuna sai da aka shigo da shi ta tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta jirgin sama. Ni a ganina matsalarmu ba rashin masu ilimi ba ce, muna da su, matsalar ita ce tsakanin mai bincike da mai kasuwa babu hanya, kowa na harkarsa, kuma mu Hausawan Ikko da abincin garin nan ke bi ta hannunmu muna da namu kason a wannan laifin.

Kawuna ya haura shekara 30 yana harkar wake a Mile 12, babbar kasuwar kayan abinci ta Legas. Ranar wata Asabar na same shi ya kwance bakin buhu, ya cusa hannu ya damƙo, yana buɗe tafin hannunsa ƙwari suka watse, kowace ƙwayar wake da hudarta kamar an bi ta da allura, ƙasan buhun kuwa duk gari. Ya dube ni ya ce ɗana kai da ka yi boko, wai duk malaman nan na jami'a babu wanda ya san maganin wannan ne? Na ce Kawu akwai mana, buhun nan mai leda biyu a ciki da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi wanda ake ce wa PICS, in ka ɗaure kowace leda daban da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu da kansu, ba sai ka zuba komai ba. Ya ce ya san shi, amma waken da ke zuwa masa tun daga can ƙauye ya riga ya kamu, kuma kuɗin buhun wa zai biya, shi ko manomi ko dillali. To ka ji tambayar da ya kamata a ce wani mai bincike ya zauna a kanta, don maganin dai an samo, abin da ya rage shi ne lissafin kasuwa, kuma da yake ba a warware shi ba sai wasu marasa tsoron Allah suka koma zuba fiya-fiya a abincin da mutane za su ci. Sanadiyyar wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015, kuma duk mun tuna bidiyon masu zuba wa wake fiya-fiya da ya yaɗu a 2018 har matan Legas suka dinga tsoron sayen wake, mai gaskiya da marar gaskiya duk aka haɗa su aka yi musu kuɗin goro.

Amma fa akwai binciken da ya iso, kuma namu ne na gida. A Cibiyar Binciken Noma ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya aka fito da irin waken nan SAMPEA 20-T, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin, aka amince da shi a 2019. An ɗauko wata ƙwayar halitta ne daga wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa aka sa a jikin waken, sai tsutsar maruka da ke cinye fure da kwanso in ta ci ta mutu, manomin da a da yake feshi sau 6 zuwa 8 a damina yanzu sau 2 ya ishe shi. Wannan na gona ne fa, ba ya hana ƙwarin buhu irin na Kawu, gara a faɗi gaskiya kar a yi wa mutane alƙawarin abin da ba ya yi. Daga baya masarar TELA ma ta fito a 2024 daga wannan cibiyar.

Na san akwai masu tsoron irin wannan iri, har majalisar wakilai ta tsoma baki a maganar a 2024, kuma ni ban raina mai tambaya ba, wanda zai ci abu yana da haƙƙin ya san me ke ciki, manomi yana da haƙƙin ya tambaya wa ke riƙe da irin kuma nawa za a sayar masa baɗi, akwai ma hukumar da aka kafa tun 2015 don sa ido a kan lafiyar irin waɗannan abubuwan ya kamata ta dinga fitowa tana bayani da Hausa da Yarbanci a cikin kasuwanni ba a otal ɗin Abuja kaɗai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a turo maka murya a WhatsApp ba ka san mai maganar ba ya ce waken yana hana haihuwa, ba hujja ba komai, kai ma ka tura wa mutum 50, alhali fiya-fiyar da kowa ya tabbatar guba ce ba ka taɓa tura saƙo a kanta ba.

Haka aka yi da sabuwar fasahar sabis ɗin waya ta 5G a 2020, aka ce ita ke kawo korona, a lokacin ko fara sayar da ita ba a yi ba a ƙasar nan, sai a Disambar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta yi gwanjon lasisi, kamfanonin MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu, a 2022 aka fara kunna ta a Legas. Da a ce ƙarfin da muka sa wajen jita-jita mun sa shi wajen tambayar me ya sa sabis ke ɗaukewa a tsakiyar kasuwa da ya fi mana amfani. Ita 5G tana ɗaukar data mai yawa da sauri amma zangonta gajere ne kuma bango na rage mata ƙarfi, don haka tana buƙatar turaku da yawa kusa-kusa, turakun kuma galibi suna buƙatar wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa mai ɗaukar data, ga kuma wuta, wutar kuma kowa ya san yawanci dizal ne. Kasuwa irin tamu mai rufin kwano da cunkoson dubban mutane kowa da waya a hannu da asuba, wannan matsala ce ta injiniya da za a iya aunawa a gyara, akwai ɗaliban injiniya a Jami'ar Legas da ke Akoka da kwalejin fasaha ta Yaba da ke neman abin da za su yi furojet a kai.

Kuma duk wanda ke tunanin maganar sabis ta 'yan gayu ce to ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a wajen gaɓar Kodebuwa, taransfa ta tsaya cak, masu POS suka zauna jugum, na ga mai tumatir da mai saye suna tsaye kowa ya ƙura wa wayarsa ido, an cire kuɗi a can alat bai shigo a nan ba, ga kaya na laushi a rana ga magariba na matsowa. Daga 2001 da aka fara GSM zuwa yau wayar nan ta zama ita ce dillali ita ce banki, direban tirela da ya taso daga Kano da ita ake bibiyarsa har ya shigo Berger, mashigar Legas.

To yanzu mu dawo kan masu binciken. A Oshodi akwai cibiyar binciken masana'antu ta tarayya FIIRO, tun 1956 take, ta yi aiki a kan sarrafa garin rogo da burodin rogo da kamun da aka ƙara wa waken suya don yara. A Yaba akwai cibiyar binciken lafiya ta NIMR. Lokacin Ebola a 2014 da lokacin korona a 2020 masananmu na gida ne suka yi gwaje-gwajen, a Ede ta jihar Osun ɗakin binciken Farfesa Christian Happi ya fara karanto tsarin halittar ƙwayar korona a duk Afirka. Mutanen nan sun iya. Amma na tambayi 'yan kasuwa sama da goma ko sun taɓa jin sunan FIIRO, babu ko ɗaya, alhali kullum motocinsu na wucewa ta Oshodi.

Su ma malaman ina tausaya musu gaskiya. Malami ba ya samun ƙarin girma don ya rage wa mai tumatir asara, sai don ya buga takarda a mujallar waje, to dole can zai karkata. Ga rashin wuta, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata 8, wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke digiri na biyu ya faɗa min ya haɗa ƙwayoyin azurfa na nano da ruwan ganye amma na'urar da zai duba girmansu babu mai aiki a inda yake, sai da ya tura samfurin waje ya jira watanni da kuɗin aljihunsa. Kuma a garin nan namu ne fa shugabannin Afirka suka zauna a 1980 suka yi Shirin Legas suka ce kowace ƙasa ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinta wajen kimiyya da fasaha, shekara sama da 40 ke nan ba mu kai ba, Koriya ta Kudu kuwa tana kashe sama da kashi 4. Ban kuma ce kowane bincike sai ya zama na kasuwa ba, waɗanda suka gano girafin, wani siririn shimfiɗin sinadarin kabon mai matuƙar ƙarfi, a Manchester a 2004 da salatif suka ɓanɓaro shi daga irin baƙin da ke cikin fensir, ba su da wani kwastoma a lokacin, a 2010 aka ba su kyautar Nobel. Irin wannan ma muna so. Amma ƙasar da abincinta ke ruɓewa a hanya ya kamata mafi yawan ƙarfinta ya tafi can.

Shi ya sa nake ganin mu ma mu daina jiran gwamnati ta haɗa mu da su. Ƙungiyoyin kasuwa suna karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta shigo, me zai hana a ware ɗan wani abu a shekara a ɗauki ɗalibi biyu ko uku, a ce ga matsalarmu, ku hau tirelar tumatir daga Kadawa ta jihar Kano ku biyo ta kilomita wajen 1,000 har Mile 12, ku sa 'yar na'urar auna zafi da laima a cikin kwanduna na sama da na tsakiya da na ƙasa tana turo bayani ta layin waya, mu san a wane gari ne kayan ke fara lalacewa, da rana ne ko a tsayuwar shingen hanya ne, kwando ne ya fi ko kiret ɗin roba kuma da nawa ya fi in an haɗa da kuɗin mayar da shi Arewa. Akwai masu bincike da ke gwada wani siririn rufi da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ana shafa wa 'ya'yan itace don su daɗe ba su ruɓe ba, ɓawon nan kuwa a Legas zubar da shi ake yi, to a gwada a kan tumatirinmu, a fara tabbatar da ba ya cutarwa, in ya yi a faɗa mana nawa zai ci a kwando ɗaya, in bai yi ba ma a faɗa mana. Wanda ya ga yadda tsutsar sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari mutane a nan ya san kuɗin ɗalibi uku ba komai ba ne a kan asarar mota ɗaya.

Na faɗa wa Kawu wannan shawarar muna zaune a kan benci bayan la'asar, ya yi shiru yana jan carbi, can sai ya ce ɗana maganarka ta shige ni, amma shugabanninmu ba za su saki kuɗi a kan takarda ba, sai sun ga mutum ido da ido, ka nemo mana malami ɗaya da zai yarda ya shigo kasuwar nan ƙarfe 5 na asuba lokacin da ake sauke kaya, ya taka caɓin da muke takawa, ni zan kai shi wajen shugaba da kaina. Na ce to Kawu, ranar Litinin in sha Allahu zan shiga Akoka, daga nan in biya Oshodi.