15 ga Janairu: ranar da muke tunawa da rabinta

Duk shekara idan 15 ga Janairu ta zagayo, masu jera abubuwan da suka faru a rana irin ta yau sukan kawo haihuwar Gamal Abdel Nasser na Masar a 1918 da ta Martin Luther King na Amurka a 1929. Madalla da su. Amma a wurin ɗan Najeriya ranar nan ta fi ƙarfin jerin sunaye.

Kafin wayewar garinta a 1966 ne wasu matasan hafsoshi suka yi juyin mulkin farko. A Kaduna, Manjo Chukwuma Nzeogwu ya afka wa gidan Sardauna Ahmadu Bello, aka kashe shi tare da matarsa Hafsatu. A Ibadan aka kashe Firimiya Akintola. A Legas aka yi awon gaba da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, ba a sake ganinsu da rai ba. Shekara huɗu cif bayan nan, a 1970, Philip Effiong, shugaban riƙon ƙwarya na Biyafara, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan, yaƙin basasa ya ƙare.

Gwamnati ta ɗauki ta biyun ta mai da ita ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse. Ta farkon kuwa an bar wa kowane yanki ya ba 'ya'yansa labarin yadda ya ga dama. A nan nake da ja. Yaron Kano ya tashi da zafin kisan Sardauna, bai taɓa jin kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a 1966 ba. Yaron Enugu ya san wannan sarai, amma ka ce masa Maimalari, babban hafsan Arewa da aka kashe a juyin mulkin, sai ya yi ta kallonka.

Masu cewa kada a fama tsohon miki suna da hujja, ganin yadda 'yan siyasa ke cin kasuwa da irin wannan. To amma shirun hukuma bai hana Facebook ba da nasa darasin ba, kuma malaman can ba su da tausayi.

Ko a ma'aunin bikin kansa akwai giɓi. Birgediya Zakariya Maimalari, Birgediya Samuel Ademulegun, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar James Pam da Laftanar Kanar Arthur Unegbe duk sojoji ne, daga sassa daban-daban, kuma a daren juyin mulkin aka kashe su. Ya kamata a riƙa karanto sunayensu a filin faretin.