Wahalar tana wajen mai ba da labari

Na yarda da wani rahoto da ya ce littattafan barkwanci na ƙagaggun labaran kimiyya sun dace da rediyo, domin ƙarar ƙofar jirgin sararin samaniya ko muryar mutum-mutumi mai ƙorafi ta ishi mai sauraro ya zana sauran a zuciyarsa. Sai dai rahoton bai taɓo wahalar aikin ba. Yawancin abin dariyar yana cikin bayanin marubuci, don haka dole a samu mai ba da labari wanda ya san inda zai dakata, in ba haka ba armashin ya tafi. Tashar rediyo ta BBC Radio 4 ta kula da wannan sa'ad da ta mayar da littattafai uku na Douglas Adams, marubucin irin waɗannan labarai, wasan kwaikwayo a 2004 da 2005, har ta saka muryarsa da aka naɗa kafin rasuwarsa a 2001.