Hayaƙin da muke shaƙa har ƙoda yake kaiwa

Duk lokacin da aka tayar da maganar ciwon ƙoda a arewacin Najeriya, ruwan sha ake fara zargi, sai magungunan kashe zafin ciwo da ake sha barkatai, sai hawan jini da ciwon suga. Zargin yana da tushe, amma ba kasafai ake sako iskar da muke shaƙa a cikin lissafin ba, alhali ya kamata a sako ta.

Ƙwayoyin ƙurar da ke cikin hayaƙi da hazo, waɗanda masana ke kira PM2.5, sun yi ƙanƙantar da mafi siririnsu kan ratsa huhu su shiga jini, ita kuwa ƙoda aikinta tace jini, inda take tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana. Kumburin da ƙurar ke haddasawa a ƙananan jijiyoyi yana cin ƙodar sannu a hankali, ba zafi ba alama, sai ranar da ƙafa ta fara kumbura. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017, wanda ya bi diddigin tsofaffin sojoji kusan miliyan 2.5 na tsawon fiye da shekara 8, ya gano cewa haɗarin ciwon ƙoda yana ƙaruwa gwargwadon yawan ƙurar, ko da a wuraren da hukumomi ke ɗaukar iskarsu a matsayin mai tsafta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin wannan ƙurar da ta amince da shi na shekara daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska.

Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi ya fi ƙarfinmu. Sauran hayaƙin kuwa da hannunmu muke yin sa. Tela yana wuni da janareta a bakin ƙofar shagonsa, salansa tana hura masa baƙin hayaƙi, mai ƙosai ta sunkuya kan murhun itace tun asuba idonta na zubar da hawaye, a kwata kuma ana babbake ganda da tsofaffin tayoyi kusa da gidajen mutane.

A ganina, gwamnatocin da ke alfahari da sauƙaƙa kuɗin wankin ƙoda sun tsaya ne a ƙarshen matsalar. Kamata ya yi a kafa na'urorin auna iska a Kano da Kaduna, a riƙa sanar da sakamakon a rediyo, a kuma samar wa mahauta murhun gas kafin a hana su ƙona taya.