Reshe ya mutu, amma ana karɓar kuɗinmu

Abin da wata ƙungiyar masu kwaikwayon rayuwar Turai ta zamanin da take yi wa membobinta a nan Ingila ya isa haka. Reshenmu ya daɗe da daina taro, babu atisayen takobi, babu ɗinkin tufafin gargajiya, shugabanninsa kowa ya kama gabansa, amma har yanzu sunansa yana cikin jerin rassa masu aiki, kuma ana cire mana kuɗin shekara ba fashi.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne rajistar tambarin garkuwa, wato zanen alamar da memba ke aika wa hedkwatar ƙungiyar don ta amince masa da shi. Ba na raina ilimin tambarin, domin tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce Turawa suke da ƙa'idar bayyana tsayuwar dabba da kalmomin da suka samo asali daga tsohon Faransanci. Zakin da ya miƙe kan ƙafar baya yana kai hannu, irin jan zakin Sukotland, shi ne ramfant. Mai tafiya da ƙafar gaba ta dama a ɗage shi ne fasant, kamar zakuna uku na Ingila da ake dangantawa da Sarki Richard na ɗaya tun wajen 1198, waɗanda kuma suke juyo da fuska ga mai kallo. Wanda ya kwanta kansa a sama kaucant ne, wanda ya ɗora kai bisa ƙafafunsa yana barci kuwa domant ne.

A kan wannan bambanci na ƙarshe hedkwata ta mayar mini da takardata bayan watanni, wai kan zakina ya sunkuya fiye da kima, don haka sai in sake zane in sake biya. Jami'in reshe da ya kamata ya duba zanen kafin a aika, ya tsaya mini idan an yi gardama, babu shi, kuma sun san babu shi. Mutanen da idonsu ya kai ga wuyan zaki a takarda, ta yaya suka kasa ganin reshe guda ya ruguje?

Ko dai su bayyana a rubuce cewa reshen ya daina aiki su haɗa mu da na kusa, ko su naɗa mana jami'i. Kafin nan, su dawo mana da kuɗinmu na bana.